Horon Yara da Haƙƙinsu a Ƙasashen Wurno, Rabah da Goronyo

A wannan maƙala zan yi bayani a kan yadda iyaye ke horon 'ya'yansu a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, da kuma inda wannan horo ya ci karo da dokokin haƙƙin yara.

Bisa al'ada, horo hawa-hawa ne. Akan fara da harara, sai tsawa, sai jan kunne ko ranƙwashi, kafin a kai ga tsumagiya. Na tashi na tarar idan aka tura yaro korar tsuntsaye a fadamar shinkafa ya zarce wanka gulbi, to ba mahaifinsa kaɗai ke hukunta shi ba. Kawu ko maƙwabci ma yana iya yi, domin ɗa na kowa ne. Sai dai akwai masu ceto, don da zarar yaro ya faɗa ɗakin kakarsa, an ajiye bulala ke nan.

Malaman Malikiyya ma sun sanya iyaka. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 870 Miladiyya, ya taƙaita dukan malamin makaranta ga bulala uku, ba a ƙarawa sai da izinin uba, kuma ban da fuska da kai. Haka kuma dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta yarje wa uba da malami horon yaro a sashe na 55, muddin bai kai ga mummunan rauni ba.

Saɓani ya taso ne bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989. Nijeriya ta tabbatar da ita a 1991, sannan ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, wadda ta hana cutar da yaro a jikinsa ko a hankalinsa. Jihar Sakkwato ba ta yi tata dokar kare yara ba sai a 2021, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Daga cikin abubuwan da na ji dattawa na tsoro akwai ranar da ɗa zai kai ubansa ƙara gaban hukuma.

A fahimtata, hana azabtar da yaro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya sauya shi ne mai tsawatarwa. A da, kaka da kawu da liman ke riƙe hannun uban da ya wuce gona da iri. Yanzu da manyan gidajen gandu ke rarrabuwa, yaro da yawa ba shi da ɗakin da zai faɗa, shi ya sa hukuma ta shigo.

Saboda haka ina kira ga malaman makaranta, idan suka ga yaro da tabon dorina ko ƙuna, su fara sanar da dattijon gidan ko mai unguwa, idan abin ya ci gaba kuma su kai maganar ga jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.