Lemon tsami ɗaya, kofi biyu: Fagge da Sabon Gari

Buhun lemon tsami ɗaya da aka sauke a Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa, a kan titin Zariya, yana iya rabuwa gida biyu kafin la'asar. Mai baro ya kai rabi cikin Fagge, inda uwargida za ta matse shi da citta don buɗa-baki. Sauran ya tsallaka Sabon Gari, inda wani magidanci a Enugu Road ko Gold Coast zai matse shi a kan bodka ranar Asabar da daddare. Ƙaramar hukuma ɗaya ce, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, kuma in aka jera kofunan biyu a tire, da ƙanƙara a ciki da yankan lemo a baki, ido ba zai raba su ba. Ni Musulmi ne, na san wanda zan ɗauka tun kafin a tambaye ni. Sai dai "haramun ne", duk da gaskiya ce, ba ta isar yaron da aka miƙa wa kofi aka ce masa, "Sha mana, ai lemo ne." Gara ya san abin da ke cikin kowanne.

Na gidajenmu kowa ya san shi. Uwargida ta murza lemon da tafin hannu a bayan turmi har ya yi laushi, don ruwan ya saki. Ta yanka biyu, ta matse a kwano, ta sa rariya ta tare 'ya'yan, domin in suka farfashe a ciki sai ɗaci ya ɓata haɗin gaba ɗaya. Ɗanyar citta an riga an kankare an daka. A jiƙa, a tace, a zuba. Wata ta jefa kanumfari, wata na'a-na'a, wata ta ce ita sai da ɗan masoro. Sukari daidai ƙarfin aljihun maigida. Ma'auninta ludayi ne da harshe, in kuwa tana azumi sai ta ƙwala wa ƙaramin da bai fara ba kira: "Auta, zo ka ɗanɗana mini." Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ta gane tsamin ya yi yawa, ta ƙara ruwa.

Babu abin da ke ɓuya a wannan kofi. Citta ta kama maka maƙogwaro, tsami ya sa ka runtse ido, in sukari ya zarce ka ji nan take. A 2023, da cuta ta cinye gonakin citta a Kachiya da sauran kudancin Kaduna har farashi ya yi tashin gwauron zabi, daga kurɓa ɗaya baƙo kan gane an yi tsimin citta a gidan.

Ɗaya kofin baƙo ne a ƙasar nan. Bodka barasar Rasha ce da Polan, da hatsi ake yin ta ko dankalin Turawa, a tsima, a dafa a tara tururin, a tace har ta fito garau kamar ruwan famfo, ba launi, ba wani ƙamshin a-zo-a-gani. Kashi 40 cikin 100 na abin da ke kwalbar zallar sinadarin maye ne. Sunan da ya fi yawo, Smirnoff, na wani ɗan Rasha ne, Pyotr Smirnov, wanda ya kafa masana'antarsa a Mosko a shekarun 1860, yau kuma kamfanin Diageo na Ingila ke riƙe da shi. Haɗinta da lemo da sukari, wanda masu sha ke kira Lemon Drop, a San Faransisko aka fara shi a shekarun 1970, a mashayar Henry Africa's ta wani mai suna Norman Jay Hobday, wuri ne da ke neman jawo matasa maza da mata waɗanda ba su saba da ɗacin barasa ba. A 1988 kamfanin Absolut na Suwidin ya fito da bodkar da ke da ƙamshin lemo tun daga kwalba.

Mai haɗa shi a gida a Sabon Gari ba ya bukatar kayan otal. Ya goga yankan lemo a bakin tambulan, ya kifa shi a faranti mai sukari, sukarin ya manne a zagaye. Ya auna bodka mililita 50 ko 60, ruwan lemo kamar rabin haka, da ruwan sukarin da aka narkar a wuta, ya juye a gora mai murfi da ƙanƙara, ya girgiza har gorar ta yi gumi, ya tace. Mai haƙuri kuwa ya fere ɓawon lemon, banda farar fatar ciki mai ɗaci, ya jefa a kwalbar ya bar shi mako ɗaya ko biyu. In ana maganar tsafta da awo, aikinsa ya fi na uwargida ƙa'ida, wannan babu gardama.

Inda suka rabu shi ne aikin da aka sa lemon. A kofin Fagge don shi ake shan abin. A kofin bodka an kawo shi ne ya rufe wani abu, kamar zumar da uwa ke shafa wa ƙwayar magani don yaro ya haɗiye bai sani ba. Ogogoro da burkutu, duk illarsu, ba sa yaudarar kowa: wari ya riga su isa hanci, wanda bai saba ba daga kurɓar farko zai tofar. Bodka ba ta da wannan gargaɗin sai zafi kaɗan, shi ma sanyi da zaƙi da tsami sun danne shi. Ga lissafin da kowane ɗan firamare zai iya: mililita 60 na barasa mai kashi 40 ya ba da mililita 24 na zallar sinadarin. Babbar kwalbar giya mai mililita 600, mai kashi 5, tana da 30. Wato ɗan tambulan da ake shanyewa a kurɓa huɗu ya kusa kamo kwalbar da mashayi ke zama da ita rabin awa. Hanta kuwa ba ta sauri don an yi mata gaggawa; abin da take iya sarrafawa a awa guda bai kai kofi ɗaya na irin wannan ba. Saura yana yawo a jini, har mai shi ya hau babur.

Sai batun ƙishirwa, wadda a Kano ba wasa ba ce. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Ruwan lemo da ɗan sukari da ɗan gishiri yana mayar wa jiki abin da gumi ya kwashe. Barasa akasin haka take yi: tana hana ƙoda riƙe ruwa, fitsari ya yawaita, mutum ya ji sanyi a baki alhali jikinsa bushewa yake yi, shi ya sa ake tashi da ciwon kai da busasshen harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma a farkon 2023 ta ce babu wani adadi da za a kira mara illa. Malamanmu tun tuni hukuncinsu ɗaya: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Amma yaya aka yi kofin baƙon ya sami wurin zama a tsakiyar Kano? Tarihin unguwar ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gana, aka ware shi daga birni da gangan. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka sa Arewa cikin yankunan da ba a shigar wa 'yan ƙasa da barasa mai ƙarfi, don haka kafin Shari'a ma akwai iyaka tsakanin mai sha da wanda ba ya sha. Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000 zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A Nuwamban 2013 Hisba ta murƙushe kwalabe 240,000 a bainar jama'a, a farkon 2022 kuma kusan miliyan 4.

Na yarda da manufar, amma akwai wani sakamako da ya kamata mu duba da idon basira. Kwalbar bodka ɗaya mai mililita 750 tana ɗauke da maye daidai da manyan kwalaben giya 10. Kiret sai da mota, kwalba ɗaya kuwa ta shige jakar hannu. Duk inda aka matsa wa abu mai nauyi, mai ƙarfi mara nauyi ne ke samun kasuwa. Amurka ta gani tsakanin 1920 da 1933, lokacin da ta haramta barasa: giya ta ja baya, barasa mai ƙarfi ta cika gari, ana lulluɓe ɗacinta da ruwan 'ya'yan itace da sukari. Maƙwabcinmu Kirista da ke haɗa kofinsa cikin ɗakinsa, addininsa daban, hisabinsa daban, kuma shekaru fiye da 100 muna cin kasuwa ɗaya da shi. Damuwata tana kan yaranmu, da irin kwalaben da aka riga aka haɗa, masu launin lemo da iskar lemo, irin su Smirnoff Ice mai kashi 5 da ɗoriya, da ƙananan ledojin barasa da kuɗin tara na ɗan makaranta ke iya saye. Saboda yara ne ma NAFDAC ta sanar a Fabrairun 2024 cewa ta fara hana barasar leda da ta robar da ba ta kai mililita 200 ba.

Akwai kuma Chapman, jan haɗin nan da ake rabawa a ɗakunan biki da kokwamba da yankan lemo. Fanta ce da Sprite da jan ruwan zaƙi, amma na asali ana ɗiga masa Angostura, wani ruwa mai ɗaci daga Tirinidad wanda kashi 44.7 nasa barasa ce. Ɗigo ne kawai, ba ya bugarwa, sai dai mai biki da ke kiyaye addininsa ya kamata ya ce wa mai haɗin, "Hajiya, don Allah banda mai ɗacin nan," tun ranar da ake ciniki.

Yanzu ga inda alƙalamina ke yin nauyi. Haɗarin da ya fi kusa ga mai bodka shi ne jabu: kwalbar asali da aka sake cikawa da abin da ba a sani ba, kuma lemon da ke ɓoye barasa shi zai ɓoye gubar. Sinadarin metanol yana makantarwa, yana kashewa. A Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo bayan shan ogogoro mai shi, wata biyu bayan haka gomman mutane suka bi su a jihar Ribas. Muna jin irin wannan mu ce Allah ya kiyaye, abin mashaya ne. To, laifi tudu ne. A Maris na 2021, a nan Kano, mutane suka fara cika asibitoci suna fitsarin jini da amai. Ba giya suka sha ba. Lemon ƙulli ne na leda, wanda aka haɗa da garin ɗanɗano da ɗan tsami, wani ya lalace, wani ma sinadarin masana'anta ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce aƙalla mutum 10 sun rasu, kusan 400 sun kwanta, wasu da ciwon ƙoda. Masu neman sanyi ne kawai, babu wanda ya yi niyyar saɓo a cikinsu.

Don haka kofin da nake karewa shi ne wanda aka yanka lemonsa da wuƙa a gabanka. Ranar da mai sana'a ta ga lemo ya yi tsada ta koma wa farin gari a leda mara suna, kofinmu ya shiga sahun wancan: zaƙi da tsami a sama, abin da ba a sani ba a ƙasa. Ko na gaskiyar ma yana da nasa. Sukarin da ake zabgawa a buɗa-baki yana wahalar da masu ciwon suga, tsamin lemo yana cin farin haƙori in ana sha kullum ba a kurkure baki, ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba kuma hanya ce ta taifot da amai da gudawa. Bambancin shi ne duk waɗannan ana gyara su a cikin gida: a rage sukari, a kurkure baki, a dafa ruwan a daskarar da kai. Kofin bodka kuwa in ka cire masa illarsa, ka cire dalilin haɗa shi.

Abin da nake roƙon hukumomin Kano shi ne ƙwazon da ake sawa wajen tare motocin giya a hanyoyin shigowa gari, a sa irinsa wajen buhunan garin ɗanɗano da ɗan tsami da ke shiga kasuwanni gabanin kowane azumi. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC a rumbun dillali, kafin a rarraba a ƙananan ledoji da ba su da rubutu, domin da zarar an ƙulla, mai sayen na naira 100 ba ta da hanyar ganewa. Masu ƙullin lemo da zoɓo a Fagge da Kurna da Brigade yawancinsu mata ne masu ciyar da gida da wannan sana'a; in aka tara su a ofishin mai unguwa aka nuna musu yadda garin kirki yake da inda za su same shi, su za su fara ƙin na banza.