Banjo da Goge Sun Dawo Kasuwa: Sababbin Albam na Kiɗan Karkarar Amurka

A watan Satumbar 2024 wani matashi haifaffen jihar Michigan, Billy Strings, ya fitar da albam mai waƙoƙi 20 mai suna Highway Prayers. Kusan dukkansa kiɗan tsirkiya ne da ake kaɗawa da hannu: jita, banjo, goge da mandolin. Cikin makon farko ya haye saman jadawalin Billboard na albam ɗin da aka fi saya a Amurka, matsayin da kiɗan bluegrass ya yi shekara 22 bai taka ba. Wanda bai san Amurka ba sai ta bakin mawaƙan gambara da finafinan Holiwud zai yi mamakin cewa irin wannan kiɗa na mutanen tsauni yana cika manyan zauruka a yau.

Sunaye uku ake yawan haɗawa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Bluegrass shi ne mai ƙa'ida mafi tsauri. Bill Monroe, ɗan jihar Kentucky, ya shiga shirin rediyon nan na Grand Ole Opry a Nashville a 1939 da rukunin makaɗansa, Blue Grass Boys, kuma daga sunansu kiɗan ya samo nasa. Salon bai tsaya da ƙafarsa ba sai ƙarshen 1945, da Earl Scruggs ya shigo rukunin yana kaɗa banjo da yatsu uku cikin saurin da ba a saba ji ba. A tsarinsa na asali babu ganga, babu kayan lantarki. Mutum biyar ko shida ne ke tsayawa, kowa a ba shi fili ya nuna bajintarsa sannan ya ja baya, mawaƙi kuma ya ɗaga murya sama har ta yi siriri. Americana kuwa babbar rumfa ce da 'yan kasuwar waƙa da gidajen rediyo suka kafa wa masu waƙar da ta yi wa rediyon country tsufa, ta kuma yi wa rediyon rock ƙauyanci. An kafa ƙungiyarsu a Nashville a 1999, Grammy ta ware musu kyautar albam a 2010. Abin da ake kira kiɗan tushe shi ne ya tattara waɗannan duka tare da blues da waƙoƙin coci da sauransu.

Albam ɗin da suka fito a 'yan shekarun nan suna da yawa, amma wasu sun fi ɗaukar hankali. Sierra Ferrell, 'yar West Virginia da ta yi shekaru tana waƙa a bakin titi don neman na abinci, ta fitar da Trail of Flowers a 2024, ta kwashe kyautar Grammy huɗu a dare ɗaya a Fabrairun 2025. Gillian Welch da David Rawlings sun sa wa nasu suna Woodland, sunan ɗakin ɗaukar sautinsu na Nashville da guguwa ta yaye wa rufi a Maris ɗin 2020. Alison Krauss, mai Grammy 27, ta dawo da rukuninta Union Station da albam ɗin Arcadia a Maris ɗin 2025, bayan shekara 14 ba su fitar da komai tare ba. A ganina Arcadia ya yi tsafta har ta kusa yin yawa. Ga gwaninta, amma ƙurar filin wasa ba ta taɓa shi ba.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne mafi ƙarancin ado. A Afrilun 2025 Rhiannon Giddens da Justin Robinson, baƙaƙen fata biyu 'yan North Carolina, suka fitar da What Did the Blackbird Say to the Crow. Ita da banjo, shi da goge, shi ke nan. A waje suka ɗauki sautin, har da ƙofar gidan malaminsu marigayi Joe Thompson a garin Mebane, kuma ba su goge kukan tsuntsaye da na gyare da ya shiga ciki ba. Thompson, wanda ya rasu a 2012, yana cikin na ƙarshe a tsofaffin baƙaƙen masu goge da suka gaji kiɗan a gida. Wurinsa waɗannan biyu suka riƙa zuwa ɗaukar darasi bayan wani taron baƙaƙen makaɗan banjo da aka yi a garin Boone a 2005, kuma daga nan rukunin Carolina Chocolate Drops ya samu.

Me ya sa har sai an shirya taro kafin baƙar fata ya tuna da banjo? Domin an raba shi da kayansa ne. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo a tsibiran Karebiyan, da ƙwarya da fata da sanda. Likitan nan Bature Hans Sloane ya gan shi a hannunsu a Jamaika, ya sa zanensa a littafin da ya buga a 1707. Daga wajen 1830 fararen 'yan wasa suka fara shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi da banjo a hannu don a yi dariya, abin da ya sa baƙaƙe da yawa suka ƙyamace shi. Da kamfanonin faifai suka zo a shekarun 1920, sai suka raba kasuwa gida biyu, faifan baƙaƙe daban, na fararen ƙauye daban, suka jefa banjo da goge a kason farare. Alhali Bill Monroe da bakinsa ya sha ambaton Arnold Shultz, baƙar fata mai jita da goge, a cikin waɗanda suka koya masa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya san gurmi da molo da garaya, ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ya san dangin: ƙoƙo, fata a ɗaure, sanda, tsirkiya. Masu bincike sun fi nuna akonting na mutanen Jola a Gambiya da Senegal, saboda yadda ake dukan tsirkiyarsa ƙasa da farce, babban yatsa kuma ya tsinci gajeriyar tsirkiya, daidai da tsohon salon da Giddens ke kaɗawa. Kada dai zumuɗi ya sa mu ce banjo ɗan gurmi ne kai tsaye. Kayan kiɗa da yawa na yankin ne suka haɗu a ƙasar bauta suka haifi sabon abu. Béla Fleck, ɗaya daga cikin manyan masu banjo na zamani, ya biyo sawun nan a 2005 zuwa Uganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali, ya yi kiɗa da Oumou Sangaré da Bassekou Kouyaté mai ngoni.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne yadda makaɗi ba ya ɓoye malaminsa. Billy Strings, da ya yi suna, sai ya ɗauko mutumin da ya rene shi kuma ya koya masa jita, suka yi albam guda tare a 2022. Molly Tuttle, wadda ta ci Grammy ta bluegrass sau biyu a jere, a 2023 da 2024, wurin mahaifinta ta koya. Hannu ke miƙa wa hannu, a gida da wuraren bukukuwa inda ake kwana ana kiɗa a tantuna. Mu da ɗakunan ɗaukar sauti na Kano suka mayar da kusan kowace waƙa ta fiyano da kwamfuta, ya kamata mu tambayi kanmu yara nawa ke zaune yau a gaban mai garaya suna koyo.

Rigimar mallaka kuwa ba ta kwanta ba. A Fabrairun 2024 Beyoncé ta saki waƙar Texas Hold 'Em, wadda banjon Giddens ne ke buɗe ta, ta zama baƙar mace ta farko da ta hau saman jadawalin waƙoƙin country na Billboard. Albam ɗinta Cowboy Carter ya ci kyautar albam na shekara da ta albam ɗin country a Grammy ta 2025, duk da cewa ƙungiyar kiɗan country ta CMA ba ta ko sa sunanta a takara ba. Watanni kaɗan bayan haka masu Grammy suka sanar da raba kyautar country gida biyu, ta gargajiya da ta zamani. Masu jita da goge da dama sun yi murna, don sun daɗe suna kukan ana danne su. Wasu kuma, da suka tuna rabon da kamfanonin faifai suka yi shekara ɗari da suka wuce, sun ce lokacin da aka zaɓa don yin wannan rabo abin zargi ne.