Bado a Ƙasar Kankiya da Kusada: Abincin Ruwa da Tarihin Yunwa

Mazauna tsibiran teku, kamar matan Zanzibar, suna tsintar ciyawar ruwan gishiri, haka kuma matan Kanembu na yankin Tafkin Chadi suna kwasar wata irin gansakuka su shanya ta, su yi miya da ita. Ƙasar Katsina ba ta da teku, amma tana da tafkuna da fadamu, kuma abin da ya tsaya a madadin waɗancan tsirrai a wurin talakawan Kankiya da Kusada shi ne bado.

Bado tsiro ne mai faffaɗan ganye da farin fure, wanda yakan shimfiɗu a kan ruwa, saiwarsa kuwa tana can cikin laka. Dalziel ya kawo sunansa a littafinsa na sunayen tsirran Hausa na 1916. Ba ɗaya yake da kainuwa ba, domin ita kainuwa yawo take yi a bisa ruwa, shi ya sa ake yi mata kirari da dashen Allah.

Abu biyu ake nema a jikinsa. 'Ya'yansa sukan nuna a ƙarƙashin ruwa, a fasa su a sami ƙananan ƙwayoyi, a shanya a daka. Saiwar kuwa sai ruwa ya ja da baya bayan kaka ake tono ta, a dafa ko a gasa. Galibi aikin yara ne da tsofaffin mata, tun da yake matan aure da yawa suna cikin kulle.

A shekarar wadata bado abin marmarin yara ne kawai. Amma idan damina ta ƙi, kamar a yunwar Kakalaba ta 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da farin 1973, sai manya su koma ga abincin daji da na ruwa, watau irin su tafasa da yaɗiya da bado. A nan muhimmancinsa yake, domin gona tana da mai ita, tafki kuwa na kowa ne, ba aro ba jingina. Sai dai farin da ya kashe gero shi ne yake ƙafar da tafki da wuri, saboda haka agajin bado gajere ne.

Wani abin lura kuma shi ne kunya. Magidancin da aka gani yana tonon bado ya bayyana wa gari cewa rumbunsa ya ƙare. Wataƙila wannan ne dalilin da ya sa tsofaffi suka fi sakin baki a kan sunayen yunwa bisa ga abin da aka ci a cikinta.