Bikin Kaka Na Yara: Yadda Za A Shirya Shi Ba Tare Da Ɓarnar Dukiya Ba

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a cikin watan Oktoba, iskar gabas ta fara kaɗawa, to, kaka ta kama ke nan a ƙasar Hausa. A ƙauye babu mai bukatar a gaya masa, domin ga dammunan gero jibge a bakin rumbu, ga dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, ga yara sun bazu cikin gonaki suna kalar gyaɗa. Amma yaron da aka haifa a Fagge ta Kano, ko Sabo ta Ibadan, ko Agege ta Ikko, sau da yawa yakan gama firamare bai taɓa riƙe zangarniyar gero ba, balle ya bambanta ta da ta maiwa. Tuwo dai yana ci kullum, amma a saninsa daga kasuwa hatsi yake fitowa.

Wannan shi ya sa ya kyautu iyaye da malaman makarantu su riƙa ware rana guda a cikin kaka domin yara. Abin ba baƙo ba ne. Tun kaka da kakanni samari da 'yanmata sukan yi wasan kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, inda sukan naɗa wa junansu muƙamai irin na hukuma, watau sarki da alƙali da 'yan doka, a ci tarar wanda ya karya doka, a yi raha. Ƙauyen Bomo da ke kusa da Samaru ta Zariya ya yi suna a kan wannan wasa. Kazalika Ibo suna da bikin sabuwar doya, makarantun Ingila kuwa sukan sa yara su kawo abinci a lokacin girbi a raba wa mabukata.

Abu na farko da masu shiri za su tsayar shi ne rana. Ƙarshen Nuwamba ya fi dacewa, domin a lokacin sabuwar dawa ta fara shigowa, gyaɗa da wake da dankali da rake sun wadata, sanyin hunturu kuma bai tsananta ba. A fara da hantsi, a tashi kafin azahar, saboda ƙananan yara ba su jure dogon zama. Filin makaranta mai inuwar itatuwa ya isa, ba sai an kama hayar ɗakin taro ba. Tabarmi da faya-fayai da ƙorai da damin kara biyu ko uku su ne adon wurin.

Na biyu shi ne maganar kuɗi, kuma a nan ne irin wannan shiri yakan lalace. Idan aka yanka wa kowane yaro kuɗi, ko aka ce sai an ɗinka anko, to, ɗan talaka zai kwana yana kuka, alhali kuwa mahaifinsa ne ya fi kowa sanin wahalar noma. Abin da ya fi shi ne kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani mudun gyaɗa, wani karan rake, wani kabewa guda, a haɗa wuri ɗaya ba tare da an kira sunan kowa ba.

Abinci kuwa ya kasance na kakar kanta: dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara, ɗanwake, dankali da ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, da zoɓo a maimakon lemon kwalba. Wajen wasa, a raba wa yara karan dawa su ƙera mota da jirgi da tabarau, a ba wanda ya fi gwaninta tukuicin littafi da fensir. 'Yanmata su yi gaɗa, maza su yi langa. Sa'an nan a zuba gero da maiwa da dawa da acca da riɗi a faifai dabam-dabam, a ga wanda zai faɗi sunan kowanne. Yana da kyau a gayyato wani dattijon manomi ya nuna musu yadda ake ɗaure dami da sussuka da sheƙa, ya ba su labarin dalar gyaɗa ta Kano, da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, lokacin da makarantu da yawa suka buɗe gonaki.

To, amma fa sai an yi hattara. Maciji da kunama sukan ɓuya a cikin dami, saboda haka a kakkaɓe shi tun kafin yara su iso. A nisanta wutar gashi daga busasshen kara, a sa babba ya tsare ta, a kuma ajiye ruwa a kusa. A tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, domin irin wannan fumfuna tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwayar gyaɗa, gudun kada ta shaƙe shi, a kuma tambayi iyaye ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓi jikinsa ba. Ruwan haɗa zoɓo kuma a tafasa shi.

Daga ƙarshe, abin da ya yi saura na hatsi kada malamai su raba a tsakaninsu. A auna shi a gaban yaran, a sa su da kansu su kai wa marayu da gajiyayyun unguwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ɗauki dami a kansa ya ji nauyinsa, da wuya ya sake zubar da tuwo ko ya raina manomi.