Gwanin Bugun Kusa a Ƙwallon Lambu: Hujjar da Ke Bayan Ballesteros

Birnin Katsina ya daɗe da sanin wasan sanda da ƙwallo, domin tun a shekarun 1920 Sarki Muhammadu Dikko ya kafa ƙwallon dawaki a garin, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya riƙe sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai mataki na 7 a ma'aunin da ƙololuwarsa 10 ce. Masu kallon wannan wasa sun san cewa dukan da ke aika ƙwallo nesa shi ne ke tayar da shewa, amma iya lallaɓa ta a bakin gida cikin cunkoson dawaki shi ne ke raba gwani da mai ƙarfin damtse. Wannan bambanci ne tushen wata tsohuwar muhawara a ƙwallon lambu, wato golf, game da wanda ya fi kowa iya bugun kusa a tarihin wasan.

Ana yin ƙwallon lambu a fili mai ramuka 18, kuma wanda ya jefa ƙwallonsa a cikinsu duka da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Kowane rami, wanda faɗin bakinsa milimita 108 ne kacal, yana cikin wata farfajiya ta ciyawa da aka aske ƙwal. Bugun kusa shi ne duk abin da ɗan wasa zai yi idan ya rage masa kamar yadi 100 ko ƙasa da haka: ko ya ɗaga ƙwallon kaɗan ta sauka ta gangara, ko ya cilla ta sama ta faɗo ta tsaya, ko ya fito da ita daga kwarin yashi da ake haƙawa da gangan a gefen farfajiya don ya zama tarko, sannan ya tura ta cikin rami. A nan ƙarfi kaɗai ba ya da amfani, abin da ake bukata shi ne taushin hannu da ido mai karanta ƙasa, da kuma zuciyar da ba ta rawa idan gasa ta zo ƙarshe.

Sunayen da ake kawowa suna da yawa. Gary Player na Afirka ta Kudu, mai manyan kofuna 9, ya shahara wajen fita daga yashi, Tiger Woods kuwa har yau ana nuna bugun da ya yi a rami na 16 a gasar Masters ta 2005, lokacin da ƙwallon ta hau gangare ta juyo, ta tsaya a leɓen rami kafin ta faɗa. Paul Runyan, wanda ba a cika tunawa da shi ba, ya lallasa Sam Snead a wasan ƙarshe na gasar PGA ta 1938, duk da cewa Snead ya fi shi dogon bugu nesa ba kusa ba. Sai dai idan aka tace, muhawarar takan tsaya ne a kan mutum biyu, Phil Mickelson na Amurka da Severiano Ballesteros na Sifaniya.

Mickelson, mai bugu da hagu kuma mai manyan kofuna 6, ya taso ne a San Diego, inda mahaifinsa ya yi masa wurin atisaye a bayan gida. Abin da ya yi fice a kai shi ne kwantar da fuskar sanda ya zura ta ƙarƙashin ƙwallon da ƙarfi, ta tashi kusan tsaye ta sauko a hankali, kuma gwanintarsa ta yi ƙarko har ya ci gasar PGA a 2021 yana da shekara 50. Ba a musun wannan, amma fasaha ce da ta dogara da sanda ta musamman mai kwantacciyar fuska da kuma ciyawa mai laushi.

Tarihin Ballesteros ya bi wata hanya dabam. An haife shi a 1957 a ƙauyen Pedreña da ke gaɓar teku a arewacin Sifaniya, ya yi aikin ɗaukar wa 'yan wasa jaka, kuma ya koyi wasan a kan yashin bakin teku da sanda guda ɗaya, ƙarfe mai lamba 3, wadda aka ƙera don dogon bugu. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, kowace da aikinta, shi kuwa dole ta sa ya koyi fitar da aikin dukansu daga guda, ta hanyar sauya riƙo da tsayuwa da karkatar fuskar sanda. Duniya ta fara ganin amfanin hakan a gasar Open ta 1976 a Royal Birkdale, yana ɗan shekara 19, da ya gangarar da ƙwallo a kan busasshiyar ƙasa ta tsakanin kwarin yashi biyu a rami na ƙarshe, ya zo na biyu tare da Jack Nicklaus. A 1979 a Royal Lytham bugunsa na farko a rami na 16 ya kauce har wurin ajiye motoci, amma ya kammala ramin da bugu 3 inda ƙa'ida ta tanadi 4, ya ɗauki kofin. Ya sake cin Open a 1984 da 1988, ya ci Masters a 1980 da 1983, ya kuma tara nasara 50 a gasannin Turai, alhali dogon bugunsa ya sha kai shi cikin itatuwa da duhuwar ciyawa.

Masu lissafi suna da ta cewa. Mark Broadie na Jami'ar Columbia, wanda ya ƙirƙiro hanyar auna ribar kowane bugu idan aka gwada shi da na matsakaicin ɗan wasa, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na fifikon manyan 'yan wasa daga dogon bugu yake fitowa. Binciken gaskiya ne, kuma a wannan muhawara ƙara wa Ballesteros nauyi yake yi, domin mutumin da ya ci manyan kofuna 5 ba tare da madaidaicin dogon bugu ba dole ne ya biya bashin a wani wuri. Ban da haka, na'urorin da ke auna kowane bugu sun fara aiki ne a farkon shekarun 2000, shi kuwa nasararsa ta ƙarshe a Turai a 1995 ya same ta, ya rasu a 2011, saboda haka alƙaluma ba za su raba wannan gardama ba. Abin da ya rage shi ne yawan hanyoyin da mutum ya iya fita daga matsala, kuma a wannan ma'auni hujjar Ballesteros ta fi ta kowa ƙarfi.

Hukuncin yana da amfani na zahiri ga mai wasa a ƙasar Hausa. A wasu tsofaffin filayen Arewa, farfajiyar rami yashi ce da aka kwaɓa da baƙin mai ake share ta kafin a tura ƙwallo, kuma da rani ƙasa takan ƙeƙashe. A irin wannan ƙasa, wanda ya kwantar da sanda irin ta Mickelson zai ga gindinta ya daki tauri ya yi tsalle, bakinta ya sari tsakiyar ƙwallon ta wuce rami da gudu. Bugun ƙasa-ƙasa mai gangarawa, irin na Birkdale, shi ne ya dace da ita, kuma yaron da ke ɗaukar jaka zai iya koyonsa da tsohuwar sanda guda da 'yan ƙwallaye a kowane fili da ya samu.