Tsohuwar Kotun Beaumaris da Matsalar Harshen Shari'a

Beaumaris ƙaramin gari ne a gaɓar mashigin ruwan Menai, a tsibirin Anglesey da ke arewa maso yammacin Wales, kuma yawancin baƙi suna zuwansa ne domin ganin ganuwar da Sarki Edward na Ɗaya ya fara ginawa a 1295. Daura da ganuwar akwai wani ɗan farin gini da aka gina a 1614, wanda ya yi ƙarnoni yana zaman kotun yankin kafin a mai da shi gidan tarihi, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Wanda ya shiga zai tarar da zauren shari'a kusan yadda aka bar shi, da mazaunin alƙali a sama, da akwatin da wanda ake tuhuma yake tsayawa, da shingen ƙarfe da ya raba jama'ar gari da masu shari'a. Manyan laifuffuka kuwa alƙalai masu zagaye ne suke zuwa sauraronsu, wato waɗanda ke bin garuruwa a lokuta sanannu, tsarin da aka soke da dokar 1971.

Abin da ya fi nauyi a tarihin zauren shi ne harshe. Dokar haɗe Wales da Ingila ta 1536 ta wajabta Turanci a kotuna, alhali talakawan Anglesey, manoma da masunta, harshen Welsh suke yi, da yawansu ba sa jin wani. Saboda haka mutum yakan tsaya ana muhawara a kan ransa ba tare da ya fahimci abin da ake faɗa ba sai ta bakin tafinta, kuma wannan zalunci ne ko da hukuncin ya zo daidai, domin kare kai ba ya yiwuwa ga wanda bai ji tuhumar da kunnensa ba. Sai a 1942 majalisar Birtaniya ta halatta amfani da Welsh ga wanda Turanci zai cutar da shi.

Daga kotun akan taka zuwa kurkukun garin, wanda aka gina a 1829, inda aka rataye Richard Rowlands a 1862 bisa laifin kashe surukinsa, yana musanta laifin har ƙarshe. An rufe kurkukun a 1878, amma har yau akwai injin da fursunoni suke takawa da ƙafa don ɗaga ruwa.