Gizon hoto a na'urar IRM: asalinsa da nauyinsa kan majinyacin karkara

A wannan ɗan rubutu za mu yi bayani kan abin da ake kira artéfact da Faransanci a fagen IRM, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu. Mun zaɓi mu kira shi gizon hoto, domin abu ne da ke bayyana a hoto alhali babu shi a jiki, kamar yadda ido ke yi wa mutum gizo. Kalmar tabo ba ta gamsar da mu ba: tabo wuri guda yake zama, wannan kuwa yakan mamaye hoton baki ɗaya.

Dalilin damuwarmu shi ne nisa. Majinyacin da ya taso daga Attantane, cikin gundumar Mayahi, ba zai sami wannan na'ura a gidan likita na garinsu ko a asibitin gunduma ba. Sai a babban asibiti, irin wanda aka ƙaddamar a Yamai a 2016, kilomita fiye da 600 daga Maraɗi, ko kuma a ƙetare iyaka zuwa Kano. In hoto ya lalace, kuɗin mota da na masauki sun tafi, wataƙila da akuyar da aka sayar. Abin da ya fi wannan muni shi ne likita ya ɗauki gizo a matsayin ciwo.

Don a gane asalin gizo, dole a tuna cewa IRM ba kyamara ba ce. Bisa hanyar da Paul Lauterbur ya bayyana a 1973, Peter Mansfield ya bunƙasa, na'urar tana aika igiyar rediyo ga ƙwayoyin haidurojin na jiki, ta saurari amsarsu. A maganaɗisu mai tesla 1,5 amsar tana zuwa a wajen megahas 64. Ana tara amsoshin layi-layi cikin wani jadawali, sannan kwamfuta ta juya shi hoto da lissafin Fourier. Abin lura a nan: kowane ɗigo na jadawalin yana da hannu a cikin hoton duka. Saboda haka in majinyaci ya motsa tsakanin layi da layi, sai siffar kansa ta maimaitu, inuwa bayan inuwa, ta fuska guda. Wannan shi ne gizon da aka fi gani, kuma a ganinmu rabin maganinsa harshe ne. Mutumin da aka kwantar cikin rami mai ƙara kamar ana sassaƙa turmi, na minti 20 ko 40, ba tare da an yi masa bayani da harshen da yake ji ba, motsi zai yi.

Sai ƙarfe. Yana karkatar da maganaɗisun da ke kewaye da shi, wurin ya yi baƙi ko ya murɗe. Takardar tambayoyin da aka fassara daga Turai tana tambayar haƙorin ƙarfe da na'urar bugun zuciya, amma ba ta san laya da guru ba, waɗanda aka ɗinke cikin fata, mai su ma bai san abin da ke ciki ba. Haka wani kwalli mai ɗauke da garin baƙin ƙarfe yakan ɓata hoton ido. Wannan ya wuce zancen kyan hoto, don maganaɗisun na iya fizgar ƙarfe da ƙarfin da zai ji wa mutum rauni.

Akwai kuma gizon da yanayinmu ke haifarwa. Masu ƙera na'urar suna so laimar ɗaki ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, da hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da 20. A irin wannan bushewa bargo da tufafin leda suna tartsatsi, irin wanda muke ji in mun taɓa ƙofar mota. Tartsatsi ɗaya tak, ɗigo ɗaya a jadawali, ya isa ya zana ratsi a hoton daga gefe zuwa gefe. In kuwa ƙofar ɗakin, wanda aka lulluɓe da jan ƙarfe don tare igiyoyin waje, ba ta rufe ruf ba saboda ƙura da tsatsa, sai wani layi mai kama da zif ɗin riga ya ratsa hoton.

Game da kuran, yankewarsa ba ta kashe maganaɗisun nan take, domin ruwan iskar heliyom ne ke riƙe shi a digiri 269 ƙasa da sifili. Injin sanyayawa ne ke tsayawa, heliyom ya riƙa ƙafewa, kuma daga waje ake sayo shi. Jihar Maraɗi, wadda ke samun wuta ta layin Katsina zuwa Gazawa, ta ga abin da wannan ke nufi lokacin da Najeriya ta yanke wutar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024.

Shi ya sa ƙananan na'urori suke jan hankali, kamar Swoop mai tesla 0,064, wadda aka amince da ita a Amurka a 2020, aka kuma gwada ta a Blantyre ta ƙasar Malawi. Ba ta buƙatar heliyom, ana tura ta har bakin gado, ƙarfe bai cika ɓata hotonta ba. Sai dai kai kaɗai take ɗauka, hotonta dishi-dishi ne, kuma da yake ba ta cikin ɗakin jan ƙarfe, kwamfutarta ce ke tace hayaniyar injunan da ke kusa da ita.